Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sufuri da gwamnonin Arewa: a dawo mana da jirgin kaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ministan Sufuri, mai girma shugaban Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, da masu girma gwamnonin jihohin Arewa, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, Allah ya yi riƙo da hannayenku. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo nake haɗawa ina kai wa masu fita da su waje, wani lokacin har citta idan ta samu, na fi shekara 20 a wannan harkar. Ba ni da muƙami a wata ƙungiya, amma maganar da zan yi ita ce dai wadda muke yi kullum a bakin sito bayan la'asar, mu da 'yan hatsi da 'yan gwari da masu shanu da su kansu direbobin da ke ɗaukar mana kaya, don haka da bakinsu nake magana.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, watannin baya na yi lodin tirela biyu na riɗi zuwa Legas, tafiyar da in hanya lafiya kwana 3 ce zuwa 4. Ɗaya ta isa a kwana na 6. Ɗayar sai da ta yi kwana 13, wata tanka ce ta faɗi ta tare hanya a wurin da kwalta ta mutu suka yi kwana huɗu a layi ba gaba ba baya, da aka buɗe kuma ta faɗa rami ta karya sifirin, kafin a samo wani a ɗaura ruwan kudu ya samu tampol ya jiƙa buhunan sama, jirgin ruwan da aka shirya kayan za su bi ya tashi ya bar su, mai saye ya zabge kuɗi yadda ya ga dama kuma ba ni da bakin magana. Direban ya kira ni muryarsa na rawa yana ba ni haƙuri, na ce masa wallahi kai ma haƙurin za a ba ka. A ranar da na gama lissafin asarar na tsallaka layin dogo a hanyata ta komawa gida, ciyawa ta rufe shi, an yi shanya a gefe, na tsaya ina kallonsa na ce wannan ƙarfen fa har cikin Apapa, tashar jiragen ruwan Legas, ya tafi.

Ranku ya daɗe, kayan Arewa masu nauyi ne kuma muna nesa da teku, sama da kilomita 1,000 tsakanin Kano da Legas, duk tarihin kasuwancinmu a kan wannan matsalar yake tafiya. Kakanninmu da ayarin raƙuma suka riƙa tsallaka Sahara ta Agadas har Tarabulus da fatu da turkuɗi, fatake kuma da jakuna suke zuwa Gwanja ɗauko goro, wata da watanni a hanya, shi ya sa sai abu mai tsada marar nauyi ake ɗauka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 daga Baro da ke bakin kogin Neja, aka haɗa shi da layin Legas a 1912, cikin 'yan shekaru ayarin Sahara ya mutu, gyaɗa kuma wadda ba wanda zai ɗora wa raƙumi ya kai Tarabulus ta zama dukiya. Daga nan layi ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964. Turawa ba don son mu suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga da kuza da fatu suke so su kwasa, wannan kowa ya sani, amma dai sun gane abu ɗaya, kaya ne ke riƙe da jirgi, fasinja a bayan kaya yake rataye.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yaron awon gyaɗa ne a Malam Madori, garin da jirgi da gyaɗa ne suka raya shi, kafin ya dawo Kano. Yakan ba mu labarin yadda ake kawo buhuna a jakuna da amalanke daga ƙauyuka a jibge a tasha, a zo a cika taragu, jirgin da zai dawo kuma ya taho da gishiri da kananzir da atamfa da goro. Akwai wata magana tasa da ban fahimta ba sai da na girma, ya ce dalar gyaɗar nan da ake alfahari da ita a hoto, wani ɓangare na dalilin tsayinta shi ne jirgi ya kasa kwashewa da wuri, gyaɗar bana takan tarar da ta bara a fili. Ashe tun a lokacin noman Arewa ya fi ƙarfin taragun da aka ba shi. Kamata ya yi a ƙara taragu da kawunan jirgi, sai aka bi wata hanyar daban.

A 1964 jirgin ƙasa ya ɗauki kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma, a 1974, ya faɗo ɗan sama da tan miliyan 1. Yaƙin basasa ya yanke layin gabas, fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 suka rushe dala, kuɗin fetur ya shigo aka zuba su a kwalta, mai ya yi arha, kowa mai hali ya sayi gingimari sannan tirela. An kawo Indiyawa sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982 abin ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma. Ni ina yaro na ga jirgin kaya da idona yana wucewa muna ƙirga taragu, amma zuwa lokacin da na fara kasuwanci ba wanda ke ma kawo shi a lissafi. Yau sama da kashi 90 cikin 100 na kayan ƙasar nan a kan taya suke tafiya, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma jirginta bai ko kusa kamo abin da ya ɗauka shekara 60 da suka wuce ba. Wannan ne ciwon, sauran abin da zan faɗa duk 'ya'yansa ne.

Na farko kuɗin mota. Tirela gas take sha, dizal ke nan, shi kuma an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, a 2020 lita ba ta kai naira 300 ba, kafin ƙarshen 2023 ta haura 1,000. Ga taya, ga kayan gyara duk da dala ake shigo da su. Mai mota ba zai yi asara ba sai ya ɗora mini, ni kuma riɗi ba ni nake yanka masa farashi ba, kasuwar duniya ce, mai saye a Japan ko Turkiyya bai damu da nisan Kano ba, idan namu ya yi tsada ya koma na Sudan ko Habasha ko Indiya. To wa zai biya? Manomin Gumel da Maigatari da Ringim, shi ne ake rage wa kuɗin buhu. Kayan da ke hawowa kuma, taki da siminti da sukari da alkamar masu fulawa, talakan Arewa ne ke biyan kuɗin hanyarsu a kan kowane mudu. Muna sayarwa da arha muna saye da tsada, hanya ce ke cin tsakiya. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da Kakuri da suka mutu, kowa wuta yake ambata kuma gaskiya ne, amma a tambayi duk wanda ya taɓa riƙe masana'anta a nan nawa yake kashewa kafin kwantena ɗaya ta taso daga Apapa ta shigo ƙofarsa, wani lokacin abin ya yi kusa da kuɗin da aka biya jirgin ruwa ya kawo ta daga China.

Na biyu, hanyoyin da kuke kashe biliyoyi a kansu mu ne muke kashe su, ba zan ɓoye ba. Tirelar da aka yi don buhu 600 na siminti, tan 30, sai a ɗora mata fiye da haka nesa ba kusa ba saboda sahu ɗaya ya fitar da kuɗin gas. Injiniyoyin hanya sun daɗe da gano cewa idan ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya, ɓarnar da zai yi wa kwalta takan kai ninki 16. Shi ya sa ake gama hanya bana, damina biyu ta yi tudu da kwari kamar kunya. Babu kwaltar da za ta jure abin da ƙarfe ya kamata ya ɗauka. Sannan duk Arewa da Kudu a kan 'yan gadoji ƙalilan muke rataye, a Yunin 2017 gadar Tatabu ta karye tsakanin Mokwa da Jebba manyan motoci suka koma ta Bida da Minna suka murƙushe hanyoyin can, a Oktoban 2022 ruwa ya shanye hanya a wajen Koton Ƙarfe da Lokoja tankoki suka maƙale har Abuja ta shiga wahalar mai, a Mayun 2025 ambaliyar Mokwa da ta ci rayuka masu yawa ta sake yanke hanya. Hanyar Birnin Gwari da ita ce ainihin hanyar Legas shekaru direbobi suna gudun ta saboda 'yan bindiga. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru ba mu da ta biyu.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, rayuka. A ƙarshen shekarun 1970 ƙasar nan ta shimfiɗa bututun mai, matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, mai yana bin ƙarƙashin ƙasa zuwa daffo-daffo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, tanka aikinta ta ɗauka daga daffo ta kai gidan mai na kusa. Matata ta tsaya, bututu ya lalace an fasa shi an bar shi, yanzu kowace lita da ake sha a Sakkwato ko Damaturu sai tanka ta ɗauko ta tun daga bakin teku ta ratsa garuruwa da kasuwanni. A Satumban 2024 a wajen Agaie tanka ta yi karo da motar da ke ɗauke da mutane da shanu, kusan mutum 50 suka ƙone. Wata guda bayan nan aka yi ta Majiya a Jigawa, sama da mutum 150, aka yi musu kabari ɗaya. A Janairun 2025 aka yi ta Dikko, sama da 80. Na san za a ce ai mutane ne suka je kwasar mai, gaskiya ne kuma muna yi wa yaranmu faɗa a kai, na kuma ga an hana tankoki masu lita 60,000 lodi daga Maris 2025, madalla. Amma tambayar da ba a amsa ba ita ce me ya sa tun farko fetur zai yi tafiyar kilomita 1,000 a kan taya ta tsakiyar gari alhali akwai bututu akwai layin dogo?

Masu shanu da 'yan gwari su ma sun ce in faɗi tasu. Saniya ta taso daga Maigatari ko Potiskum ko Mubi ta yi kwanaki a tsaye ba ci ba sha, ta isa Legas ta zube ta rage kuɗi, wata ta mutu a hanya a yanka ta a bakin titi, yaranmu kuma suna zaune a saman katako a kan shanun, idan mota ta faɗi sai dai a kira mu a ce a zo a ɗauki gawa. A 2016 an gwada ɗauko shanu 500 daga Gusau zuwa Legas a jirgi, sun isa lafiya, aka yi ta yaɗawa a labarai, daga nan shiru. Tumatirin Kadawa da Kwanar Gafan da Ɗanja, da albasar Aliero, kowane kwana ɗaya da aka ƙara a hanya kwanduna ne ke ruɓewa kafin kasuwar Mile 12 ta Legas. Ga shingaye, daga nan zuwa Legas direba ba ya iya ƙirga inda zai tsaya ya miƙa, wannan ya ce na ƙaramar hukuma ne wancan ya ce na jiha ne, wani da rasit wani da gora mai ƙusa, duk wannan yana cikin kuɗin kwandon da matar aure za ta saya. Jirgi ba a tare shi da gora.

Yanzu bari in zo kan abin da aka yi, don ba zan ce ba a yi komai ba. An gyara tsohon layin Legas zuwa Kano ya dawo aiki a ƙarshen 2012. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021 har da reshe cikin Apapa. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala a Zawachiki a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024. Mun yi murna da kowanne, ni da kaina na je na ga ta Dala, fili ne mai kyau. Amma tashar tsandauri ma'anarta fa ita ce a kawo maka teku ƙofar gida, ka cika kwantenarka a Kano, kwastan su duba su rufe, ta hau jirgi, sai cikin jirgin ruwa. Idan kwantenar nan tirela ce za ta ɗauke ta ta bi Mokwa da Jebba ta je ta shiga layin Apapa, to me aka rage mana? An sha tayar da jirgin gwaji a yi taro a ɗaga tuta, mu kuma ɗan kasuwa ba da taro yake ɗaukar alkawari ba, yana so ya san ranar Talata jirgi zai tashi, Talata mai zuwa ma zai tashi, kuɗin tan kaza ne, zai isa ranar kaza. Babu wanda zai sa hannu a kwangila da Bature ko ɗan China a kan jirgin da ba a san ranar dawowarsa ba.

Sai babbar maganar da ba a cika faɗa wa mutane ba. Layin dogo iri biyu ne yanzu a ƙasar nan, tsohon mai faɗin milimita 1,067 da sabon mai 1,435, taragon wannan ba ya hawa wancan. Sabon ya taso daga Apapa ya tsaya a Moniya ta Ibadan. Wani guntun ya taso daga Idu ta Abuja ya tsaya a Rigasa. Ana aikin Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2021, ana aikin Kano zuwa Maraɗi da shi ma aka aza harsashinsa a 2021, Allah ya sa a gama lafiya. To amma tsakanin Ibadan da Abuja fa? Nan ne ramin, ɗaruruwan kilomita ba a shimfiɗa ko ƙarfe ɗaya na sabon layi ba, kuma kwangilar sabon layin Legas zuwa Kano tun 2006 aka fara sa mata hannu. Ko gobe aka gama na Kaduna da na Maraɗi, buhun riɗina zai iya hawa sabon jirgi a Kano ya sauka a Abuja, daga nan sai tirela. Fasinja zai ji daɗi, ina taya shi murna, amma bashin da aka ciwo don layukan nan kuɗin tikiti ba zai biya shi ba, kaya ne ke biya. Sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki ma da aka buɗe a 2023 an gina ta ba tare da layin dogo ya shiga ba.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna kallon wannan aikin fiye da yadda kuke zato. Shekara da shekaru kayansu ta Kwatano suke bi, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe suka koma zagaye ta Lome da Burkina cikin haɗari da tsada. Abokan cinikina na can suna tambayata yaushe jirgi zai iso, ni kuma ina ce musu ku tambaya yaushe zai kai teku, don Alhajin Maraɗi ba yawon buɗe ido zai zo yi Kazaure ba, tashar ruwa yake nema. Layin gabas kuwa, na Fatakwal zuwa Maiduguri wanda ya ratsa Kafanchan ƙasar citta da Bauchi da Gombe, an ƙaddamar da gyaransa a 2021, abin da ya tashi zuwa yanzu guntun Fatakwal zuwa Aba ne, Maiduguri ta yi shekara da shekaru ba ta ji kukan jirgi ba.

Kogin Neja ma haka. An fara yashe Neja a 2009 zamanin marigayi 'Yar'aduwa daga Warri zuwa Baro, an buɗe tashar Baro a Janairun 2019, har yau ba mu ga kaya suna sauka ba, hanyar zuwa garin ma wahala ce. Baron nan fa ita ce ta fara haɗa Kano da teku tun 1911.

To ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

Mai girma Minista, kafin komai a tayar da tsohon layin Apapa zuwa Kano don kaya, da tsohuwar zuma ake magani. Ba gudu muke nema ba, riɗi da masara da taki ba sa sauri, ko kwana 4 zai yi mun yarda in dai kwana 4 ɗin ne kullum. A gyara wuraren da ruwa ke wankewa musamman yankin Mokwa, a samo kawunan jirgi da taragun kwantena, a fitar da jadawali da farashi a manna a Dawanau da Kwari da Singa, ko sau biyu ne a mako, a riƙe shi shekara guda cur ba fashi. Wallahi in aka yi haka ba sai an yi mana talla ba. Sannan dan Allah kada a sake aza harsashin wani sabon layi a ko'ina sai an sa kuɗi da ranar gamawa a kan Ibadan zuwa Abuja, a fito a faɗa wa 'yan ƙasa ranar. Kafin nan a yi wurin juye kaya mai na'urar ɗaga kwantena a inda tsohon layi da sabo suka haɗu, a Ibadan da Kaduna, don guntayen da aka kashe wa kuɗi su fara amfanar kaya.

Muna roƙon a zauna da masu siminti da taki da fulawa da mai, su ne masu kayan da ke cika jirgi duk shekara, a ba su dama su sayi taragunsu su riƙa biyan kuɗin layi, dokar 1955 da ta bar komai a hannun hukuma ɗaya ta tsufa. Idan jirgi ya hawo da taki da siminti ya sauka da hatsi da shanu da riɗi, ba zai taɓa tafiya wayam ba, nan ribar take. Fetur kuwa a gyara bututu a tsare shi, wanda bututu bai kai ba a sa shi a taragon mai. A dawo da taragun shanu daga Nguru da Ƙaura Namoda da Gusau, da wurin shayarwa a hanya. A haɗa kai da ma'aikatar harkokin teku da kwastan yadda kwantenar da aka duba aka rufe a Kano ko Kaduna ko Funtuwa ba za a sake buɗe ta a Legas ba, kuma a riƙa ajiye mana kwantenoni marasa kaya a nan, yanzu sau da yawa sai mun jira a kawo daga Legas. Baro kuma ko dai a yi mata hanya da layi ta yi aiki, ko a fito a gaya mana gaskiyar abin da ya hana.

Shugaban hukumar jiragen ƙasa, yallaɓai, muna so duk wata a riƙa faɗin tan nawa ya iso Kano, tan nawa ya tashi, jirgi nawa ya makara. Da wannan za mu auna aikinku, mu ma mu san inda za mu taimaka.

Masu girma gwamnoni, tun Maris 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon yin harkar jirgin ƙasa, yanzu ba za a ce komai sai Abuja ba. Na ga ana maganar jirgin cikin gari, yana da kyau, amma ɗan reshe na 'yan kilomita da zai shiga Dawanau ko wata babbar kasuwar hatsi ko ta shanu, da sito da sikeli a bakinsa, zai taɓa rayuwar manoma fiye da yadda ake tsammani. Ku haɗu ku 19 ku yi magana da murya ɗaya a kan Ibadan zuwa Abuja da layin Maiduguri, 'yan majalisarmu su ma su tsaya a kai lokacin kasafi. Ku rage shingayen haraji a hanyoyinku, wannan a hannunku yake ba ya buƙatar bashin waje. Ku hana gine-gine a kan filin reluwe. Mu ma da namu laifin, masu kwance ƙarfen layi su sayar wa 'yan gwangwan ba daga sama suka faɗo ba, a cikinmu suke, a sa masu unguwanni da dagatai cikin tsaron layin da ya ratsa ƙasarsu a riƙa ba su wani abu, a kuma kama masu sayen ƙarfen ba yaran da ke ɗauka kaɗai ba.

Direbobi da masu motoci, na san wasunku za su ce ina so in kashe muku sana'a. Allah ya sani da ku na ci abinci shekara 20, na je jana'izar da yawa daga cikinku. Jirgi ba zai shiga gonar Gagarawa ko kasuwar ƙauye ba, ku ne za ku kawo masa ku ne za ku kwasa daga tasha ku rarraba, sahu uku a rana a kusa ka kwana a gidanka ya fi mako biyu a Tafa da Ogere kana barci a ƙarƙashin mota. Shi ya sa nake roƙon hukuma ta sa ƙungiyoyinku a teburin tun daga farko.

Kaka na tafe, riɗi da zoɓo da waken suya za su cika sito. Idan kun tsayar da rana, ku aiko wakili Dawanau ya zauna da mu, ni da abokan sana'ata mun yi magana, taragun farko mu za mu cika su kuma mu biya kafin jirgi ya tashi.

Allah ya ba ku ikon yi, ya tsare matafiyanmu.

Wassalam, naku,
ɗan kasuwar riɗi da zoɓo, Dawanau, Kano.